Taswirar Baba Hendrik

Kudenda, Kaduna
Watan Mayu

Zuwa ga mahaifina, Malam Samuel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Mama da duk mutanen gida. Yaya ƙafar nan taka, tana barinka zuwa coci kuwa? Ruwa ya sauka a Zonkwa, ko har yanzu ana duban sama? Mu nan lafiya lau. Anti Patience tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Mama cittar da ta aiko ta iso.

Tony direba ya kawo mini wasiƙarka, har da tawa ta baya da ka mayar mini bayan ka bi ta da jan biro. Tun yaushe ka bar hedimasta, amma hannun nan naka bai san an yi ritaya ba. Duk ajinmu ni kaɗai ce mai uban da ya ƙi waya. Ban damu ba, domin ka san 'yarka: a takarda ina da baki, a gaban mutane kuwa sai a rantse bebiya ce.

Baba, ka zauna kafin ka karanta wannan. Sakamakon zangon karatun da ya wuce ya fito, kuma bai yi kyau ba. An kira ni ofis an ja mini kunne, an ce idan na faɗi ko kwas ɗaya a wannan zango, za a sallame ni daga jami'a. Tun daga Kakau har Gonin Gora ina kuka a cikin bas, har wata mai sayar da doya ta yi mini ta'aziyya, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Ba wasa nake yi da karatu ba. Duk abin da malami ya faɗa ina kwafewa, in haddace shi tsaf. Amma a jarrabawa sai a ce me kike gani a kan kaza, ni kuwa ban saba ganin komai ba sai abin da aka ce in gani. Tsoro nake ji ƙwarai.

Kwas ɗin da ya fi tayar mini da hankali sabo ne. Wata Dakta Charity ce take koyar da shi, 'yar Filato, gajeruwa, amma muryarta tana kaiwa har bakin get. Ta ce manufarsa ita ce ɗalibi ya fita jami'a yana iya zama da mutumin kowace ƙasa, su yi aiki tare, su yi musu, su rabu lafiya. Ranar farko ta sa aka ture teburin malami gefe, muka jera kujeru muka yi da'ira. Ta ce babu handawut, babu hadda. Aji ya ɗauki gunaguni. Sannan ta faɗi abin da ya kashe mini jiki, wai rabin maki daga magana zai fito, wanda ya yi shiru ya faɗi.

Ta raba mu, kowa ta haɗa shi da ɗalibai uku na jami'o'in wasu ƙasashe, mu riƙa haɗuwa ta kwamfuta duk mako muna ganin juna. A nan ne nake so ka ajiye jan biron nan ka ji. Na zauna a ɗakin kwamfuta da azahar, allo ya buɗe, sai ga fuskoki uku. Wata Nusrat daga Bangaladash ta juya na'urarta wajen taga. Wurinsu magariba ta yi, fitilun kwale-kwale sai ƙyalli suke a kan wani ruwa da ban ga ƙarshensa ba. Wani Tiago daga Burazil yana hamma da kofi a hannu, wai su hantsi ne. Ni kuwa ga rana tana dukan kwanon ɗaki. Na tuna yadda ka koya mana wannan a firamare da lemo da fitilar ƙwai, na kuma ci tambayar a jarrabawa, amma ashe ban taɓa yarda ba sai ranar. Tsigar jikina ta tashi. Allah mai girma ne, Baba, duniyar nan tana da faɗi.

Na ukun shi ne babban abin mamaki. Tsoho ne, kansa fari fat, sa'anka ko ma ya girme ka. Na ɗauka malami ne. Ashe ɗalibi ne kamarmu, sunansa Hendrik, daga ƙasar Holan. Direban bas ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, sai ya sayi jaka ya koma aji. Ina ganin furfura jikina ya yi abin da kuka koya masa, na sauka daga kujera na durƙusa na gaishe shi. Da na durƙusa kuwa sai na ɓace daga allonsu. Suka yi ta kiran sunana suna tsammani netwok ne ya ɗauke, ni kuwa ina ƙasa ina jiran ya amsa gaisuwa. Dakta Charity ta yi dariya har da dafa bango. Ya ce in riƙa kiransa Hendrik kawai. Bakina ya ƙi. Baba Hendrik nake ce masa, ya haƙura.

Ya gaya mana gidansu ƙasa yake da teku, wai ganuwa suka yi wa ruwa suke kwana a bayanta. Har yanzu abin yana ɗaure mini kai.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Mama da kyau, ka ce kada ta ɗaga hankalinta.

'Yarka,
Debby


Kudenda, Kaduna
Watan Yuli

Babana,

Salama a gare ka da duk iyali. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya noma, masara ta kai ina? Ina fata Mama ba ta kashe kanta da aikin gona. Mu nan sai godiya.

Na gode da wasiƙarka. Na ga inda ka ja layi biyu, cewa na yi daidai da na durƙusa, kuma duk inda furfura take, ko a cikin kwamfuta ce, a ba ta girmanta. Haka nake yi. Sai dai abin yana neman ya jefa ni rami.

Dakta Charity ta ce kowane rukuni ya zaɓi matsala ta gaske a unguwar ɗaya daga cikinsu. Da yake dukkanmu muna da ruwa a kusa, muka zaɓi ambaliya. Su ukun suka ce Kudenda za a ɗauka, wai sun ji ni shiru, wataƙila idan aka zo unguwarmu zan buɗe baki. Aikin shi ne mu tsara hanyar da mutanen layinmu za su bi su tsira idan kogi ya cika.

Baba Hendrik ya ɗauki abin da zafi. Ya samo hoton Kudenda da aka ɗauka daga sama ya sa mana a allo. Baba, na ga rufin gidan Anti Patience! Na ga mangwaron bayan coci, na ga dogayen rufin masana'antu, na ga kogin Kaduna ya lanƙwashe kamar igiyar guga da aka yar. Mutum yana zaune a ƙasan teku yana duba kwanukan layinmu ɗaya bayan ɗaya.

Ya lura da wani abu na gaskiya, cewa rafin da ke bayanmu shi yake fara cika ya tare hanyar kudu. Don haka ya ja jan layi daga ƙofarmu, ya hau gadar babban titin baifas, ya tsallake kogi zuwa wata makarantar firamare da ke kan tudu a wancan hayin. Ya ce nan ne mafi kusa, kuma ruwa ba zai kai ba, a can mata da yara za su fake. Direba ne, har wurin da bas zai juya ya nuna. Sannan ya tambaye ni ko ya yi daidai. Ni kuwa na san babu mai bin hanyar nan. Amma ga furfura, ga murnar da ke fuskarsa. Na ce to. Mako na gaba ya ƙara ƙawata taswirar, na sake cewa to.

Dakta Charity ba ta yarda aiki ya tsaya a kwamfuta, sai an kai wa mutanen unguwa sun gani. Na buga taswirar a takarda na kai taron Zumuntar Mata na cocinmu. Anti Patience ce ta fara bin jan layin da yatsa. Da ta ga ya hau gada sai ta tuntsire da dariya, ta ce wannan Baturen ko dai yana da gaba da mu ne. Mata suka taya ta. Sannan dariyar ta mutu. Mama Peace, tsohuwar nan mai buga tulu idan ana waƙa, ta ce da ƙafarta ta gudo ta gadar nan da goyo a baya lokacin rikicin addinin da ya raba garin nan biyu, kuma gara ta hau rufi ruwa ya kai mata wuya da ta koma can da tabarma a ka tana neman mafaka. Aka yi addu'a aka tashi.

Kai ka fi ni sanin wannan, tunda a can hayin kake koyarwa kafin a haife ni, kuma ba ka taɓa ba mu labarin yadda kuka baro ba. Ni dai na tashi na tarar ana cewa can nasu, nan namu. Na sha ratsawa ta can a mota, amma ban taɓa sauka ba.

Jiya Dakta Charity ta kira ni. Ashe tana sauraron haɗuwarmu. Ta ce duk zangon nan kalma ɗaya ta ji daga bakina, ita ce to, kuma to ba ta da maki. Ta ce yadda nake yanzu faɗuwa zan yi, ba ta kuma da niyyar yi mini alfarma. Matar nan ba ta da wasa, amma ban ga mugunta a idonta ba.

Ga ni a tsakiya. Idan na yi shiru, na faɗi kwas, na dawo Zonkwa da akwatina. Idan na yi magana, na ƙaryata dattijo a gaban yara, na kuma tona asirin garinmu a gaban baƙi, har da Nusrat wadda Musulma ce. Me zan yi, Baba? Ka amsa mini ta motar Tony ta wannan makon.

Ka gaishe da Mama da maƙwabta.

'Yarka mai biyayya,
Debby


Kudenda, Kaduna
Watan Agusta

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya na Mama? Tony ya ce ruwa ya rushe katangar bayan gida, ina fata babu wanda ya ji ciwo, awaki ma suna nan. Mu ma ruwa ya yi mana yawa, amma muna lafiya.

Na karanta amsarka har na kusa haddace ta. Ka ce yarinya ba ta gyara wa dattijo magana a gaban mutane, kuma abin da ya faru a garin nan namu ne, ba na baƙi ba, in je wurin malama a keɓe, ita ta san yadda za ta lallaɓa shi. Na je. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, ta ce abin da na faɗa ya fi duk layukan taswirar amfani. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta ce amma ita ba 'yar rukuninmu ba ce, kuma ba ta ɗaukar saƙo. Ta nuna mini ƙofar ɗakin kwamfuta da biro. Na fito ina jin haushinta, ina jin naka ma kaɗan, ka yafe mini.

A makon ne kogi ya cika. Ranar Asabar da safe muka je gani ni da Anti Patience. Baba, ban taɓa ganin Kaduna haka ba. Gonakin bakin ruwa sun ɓace, masara sai kanta ake hange. Ruwan ja wur, yana tafe da bishiya sukutum, saiwoyinta a sama, yana juya ta kamar tsinke, ga wani rugugi da nake ji a ƙirjina ba a kunne ba. Mutane sun yi cirko-cirko. Rafin bayanmu kuwa ya tare hanyar kudu daidai inda Baba Hendrik ya nuna, mutumin da bai taɓa taka Najeriya ba. Ruwa ya shiga tsakar gidan Mama Peace har gwiwa kafin ya janye. Da ya ƙara kaɗan, da ba mu da ta inda za mu fita sai gadar nan.

Ranar haɗuwa na shiga ɗakin kwamfuta na zauna. Baba Hendrik ya fara bayanin yadda za a jera motoci. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji uku. Ban iya kallon fuskarsa ba, teburin na tsura wa ido. Na ce a yi mini afuwa, amma hanyar nan babu wanda zai bi ta. Na faɗi rikicin, na faɗi maganar Mama Peace, na faɗi yadda kogi ya zama iyaka, akasarin Kirista a kudu, akasarin Musulmi a arewa. Na ce tun ranar da ya ja layin na sani. Da na gama sai na ji kamar na tuɓe a kasuwa.

Ya cire tabarau. Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata wa dattijo rai. Ya kuwa yi fushi, amma ba a kan abin da ni da kai muke tsoro ba. Ya ce me ya sa na bar shi duk makonnin nan yana zane a banza? Ya ce tun da ya koma makaranta yara suke gyaɗa masa kai a kan komai, kamar yadda ake yi wa tsohon da hankalinsa ya fara tafiya, kuma babu abin da ya fi wannan sa shi kaɗaici tun rasuwar matarsa. Wai ita ce mutum na ƙarshe da take ce masa ƙarya kake, Hendrik. A wurinsu, in ji shi, idan kana ganin mutum da daraja sai ka gaya masa ya yi kuskure, wanda ka raina kuwa shi kake ce wa to don ka rabu da shi. Shi duk tsawon lokacin nan ya ɗauka raina shi na yi.

Abin da na ɗauko tun daga Zonkwa da hannu biyu a matsayin ladabi, ya isa Holan ya zama zagi. Na yi masa bayanin durƙuson nan da dalilin shiruna, shi ma ya saki baki yana mamaki, ya ce bai taɓa tunanin ana girmama mutum da shiru ba. Muka zauna muna kallon juna, tsoho da yarinya, kowa ya gano ashe akwai wata hanyar zama mutumin kirki ban da ta gidansu.

Kunyar da nake ji saboda garinmu ma ba ta sami wurin zama ba. Ya ce yana yaro, a garinsu Katolika da Furotesta ba sa sayen burodi a shago ɗaya, alhali duk Kirista ne. Nusrat ta ce kakarta ta mutu tana ambaton ƙauyen da aka haife ta, wanda aka ja iyaka ya faɗa wata ƙasa, ba ta sake ganinsa ba. Tana faɗa tana share hawaye da gefen mayafi. Tiago zai ba da nasa sai netwok ɗinsa ya ɗauke, ashe ba mu kaɗai ake yi wa haka ba. Daga nan bakina ya ƙi rufuwa, na yi ta magana har lokaci ya ƙare. Dakta Charity tana tsaye a bayana ban sani ba.

Kafin mu rabu Baba Hendrik ya yi mini tambaya. Ya ce ya ji abin da mutanen Kudenda suka ce, to mutanen hayin fa, an taɓa tambayarsu? Dakta Charity ta ce aikin bai cika ba sai an ji ta bakinsu, kuma da wannan za ta yanke makin ƙarshe. Ta haɗa ni da Rashida, 'yar ajinmu da take zuwa daga can hayin. Tun shigarmu jami'a muna aji ɗaya, ban da sannu babu abin da ya taɓa haɗa mu. Da rana za mu je, malama za ta raka mu. Ina gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani.

Ubangiji ya tsare ku. A gaishe da Mama.

'Yarka,
Debby


Kudenda, Kaduna
Watan Oktoba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka da zuciya ɗaya, da fatan kai da Mama kuna lafiya, an kuma fara shigar da amfanin gona cikin salama. Anti Patience tana gaisuwa. Ni ma lafiyata ƙalau, ka fara kwantar da hankalinka a kan wannan.

Wasiƙarka ta same ni kafin ranar tafiya, ba zan yi ƙaryar cewa ta makara ba. Na ga ka ce kada in kuskura in taka hayin nan, gara in faɗi kwas in dawo gida da raina. Na ga yadda rubutunka ya karkace a wurin, na san ba hedimasta ne ya rubuta ba, uba ne. Na yi kuka. Sannan na sa takalmi na tafi.

Da ƙafa muka hau gadar, ni da Rashida da Dakta Charity. A tsakiya na tsaya na duba gaba da baya. Daga wurin ba za ka iya bambanta hayin biyu ba, rufin kwano masu tsatsa ne, da mangwaro, da shanyar kaya. Ruwa ya ragu amma yana nan da ƙarfinsa, gadar tana rawa duk lokacin da tirela ta wuce. Gabana sai faɗuwa yake. Rashida ta kama hannuna, ta ce ita haka take ji kowace safiya idan motarsu ta shigo ɓangarenmu za ta makaranta. Ban taɓa sani ba, kuma a gefena take zama.

Hedimastan makarantar firamaren da jan layin ya nufa, Malam Sabi'u, dattijo ne mai sanyin magana. Ya shimfiɗa taswirar a tebur ya daɗe yana kallo. Ya ce ba zai rantse a kan zuciyar kowa ba, amma makullin makarantar yana hannunsa, kuma ba zai bar mace da goyo a waje cikin ruwa ba. Sai dai, in ji shi, dole a zauna da mai unguwa da limamai da fastoci tun kafin damina, ba ranar da ruwa ya zo ba. Sannan ya faɗi abin da ban shirya ji ba. Ya ce da su ne ruwa ya kora aka ce su tsallako Kudenda, mutanensa ma rufi za su hau. Tsoronmu suke ji, Baba. Mu! Anti Patience da Mama Peace da tulunta! Wata malama da ke wurin ta ce ita ma da gudu ta haye gadar nan a shekarar rikicin, amma arewa ta nufa, ta bar ɗakinta a Kakuri, nan ɓangarenmu, da komai nata a ciki. Duk rayuwata ban taɓa tunanin gadar ta ɗauki masu gudu ta fuska biyu ba.

Ranar gabatar da aiki allo ya cika da fuskokin ɗalibai na ƙasashen da wasu ma ban iya faɗin sunansu ba, kuma ni rukuninmu ya zaɓa in yi bayani. Ina cikin yi Baba Hendrik ya katse ni a kan wurin juyawar bas, na ce masa bai yi daidai ba, na ga titin da idona, bai kai faɗin haka ba. Ya yi dariya har da buga tebur. Taswirar tana nan da jan layinta, sai dai mun rubuta a ƙasa cewa hanya ce da ba ta buɗe ba tukuna, muka kuma bayyana abin da za a yi ta buɗe.

Sakamako ya fito jiya. Na ci kwas ɗin, na ci sauran ma, domin da na fara tambaya a aji ɗaya sai bakin ya bi ni sauran azuzuwan. Ba za a sallame ni ba. Na gode wa Allah har ƙasa.

Yanzu ga abin da ya fi tsallaka gada wuya. Baba, ban yarda da kai ba. Ka yi daidai da ka koya mini girmama manya, kuma zan durƙusa maka har ranar da zan mutu. Amma da na bi shawararka, da yanzu ina gida na faɗi, da Baba Hendrik yana can yana tsammani raina shi na yi, da babu wanda ya san abin da ke zuciyar mutanen hayi. A wannan ka yi kuskure. Ban taɓa ganin girmanka kamar yanzu ba, shi ya sa na faɗa.

Malam Sabi'u ya yarda zai tsallako Kudenda ranar Asabar ta ƙarshen wata ya zauna da dattawan cocinmu. Har yanzu babu dattijon da ya ce zai tare shi, kowa ya ce sai ya yi tunani. Na gaya masa mahaifina ma hedimasta ne, kuma ya taɓa koyarwa a hayinsu. Na ce zan tambaye ka. Ban yi masa alkawari ba.

Tony ya ce zai ajiye maka kujerar gaba. Idan ka ƙi, ka rubuto mini dalilinka, zan karanta in amsa maka. Idan za ka zo, ina tasha ina jiranka.

Ka gaishe da Mama. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

'Yarka,
Debby